Yadda Na Sanyaya Tirelar Alhaji Garba

Ku da kuke tsayawa a bakin shagon nan kuna leƙe, na san abin da kuke faɗa in kun ba da baya. Kuna cewa aikin Malam Haladu ai ba aiki ba ne: ya kwance noti, ya hura iska, ya ɗiga wani mai kamar kan ashana, ya mayar ya ɗaure. Jiya ma wani ya ce mini ya kalli yadda ake yi a waya, minti takwas aka gama. Ban musa masa ba, don na san ana gamawa a minti takwas ɗin. Na dai tambaye shi ko bidiyon ya faɗa masa shekara nawa mai hannun ya yi yana ɓata kayan mutane kafin ya kai haka. To ku shigo daga rana, bencin ya ishe mu.

Ni mutumin Kudan ne. Noma na tarar a gida, kuma har gobe ina da 'yar gonar rake a fadama. Gyara kuwa a Ikara na koya, wurin wani dattijo da ake kira Malam Bawa mai rediyo, Allah ya jiƙansa. A lokacin babu waya babu kwamfuta a yankin nan, rediyo ne da rakoda, sai talabijin jefi-jefi a gidajen masu hali.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne rediyon wani mai tsire. Da safe yana magana garau, da yamma sai ya soma shaƙewa kamar mai mura. Kwana uku ina fama. Na sauya batir, na miƙe eriya, na goge duk inda hannuna ya kai. Malam Bawa yana gefe yana nasa aikin. A rana ta huɗu ya bar rediyon a kunne har ya soma shaƙewar, sannan ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan baƙin abu a ciki. Na fizge hannu, don ƙuna na ji.

Ya ce, "Ka ji ko? Kafin ka ɗauki mitar awon wuta, sa hannu, sa hanci, sa kunne. Sannan ka tambayi mai kaya inda yake ajiye kayansa."

Da muka tambaya, ashe a gefen tukuba mutumin yake rataye shi, wuta na gasa nama tana gasa rediyo. Shekara shida na yi a hannun Malam Bawa, kuma rabin abin da na koya a wurinsa maganar zafi ce. Yawancin kayan lantarki zafi ke kashe su, tun kafin tsufa ya zo.

Da ya sallame ni na zo Makarfi na kama shagon nan. Rediyo ya ja baya, bidiyo mai kaset ya zo ya wuce, na faifai ya zo ya wuce, waya ta shigo. Da ɗalibai suka soma kawo mini laftof ina mayar da su, na ga in ban tashi ba sana'a za ta tafi ta bar ni. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na riƙa hawa mota zuwa Zariya sau uku a mako, ina koyon kwamfuta a wurin wani da na ba shekara goma sha biyar. Oga nake ce masa, kuma in ya ce miƙo mini kaza, miƙa masa nake yi. Wanda ya ƙi sunkuyawa a wannan sana'a, da rediyo za a binne shi.

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su cika jaka ba. Ƙananan sukundireba masu maganaɗisu a baki. Hantsaki. Buroshi mai laushi. Kwalbar sifirit. Ƙyallen tsohuwar farar shadda da ta sha wanki, don auduga tana barin zare. Wannan tsohon katin roba da shi nake ɓamɓare murfi, saboda ƙarfe yana cin jikin laftof ya bar mata tabo. Kiret ɗin ƙwai kuma da kuke yi wa dariya, a nan nake jera noti, kowane rami da wurin da notinsa ya fito. A ido duk ɗaya suke, amma wani ya fi wani tsawo da ɗan kaɗan, kuma dogon noti a gajeren rami huda fanel yake yi, wato allon da duk sassan laftof ke kansa. Na taɓa hudawa, shi ya sa na sani.

Shi man kuma, wanda a kasuwa ake kira fes, ga amfaninsa. A cikin kowace laftof akwai wani ɗan abu mai sheƙi kamar madubi, bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta, mu muna ce masa furosesa. Duk aikin da take yi a nan ake yin sa, don haka yake ɗaukar zafi. A kansa ake kifa faifan jan ƙarfe mai bututu, ya kwashi zafin ya kai wa fanka, fanka ta hura shi waje. To fuska biyun nan, komai santsinsu a ido, ba sa haɗuwa ruf. Akwai 'yan ramuka da ido ba ya gani, iska ta maƙale a ciki, zafi ya rasa ta inda zai tsallaka. Man shi ke cike ramukan, kamar yadda magini ke cike tsagar bango da yaɓe. In ya tsufa ya bushe, zafi ya tsaya a wuri ɗaya, laftof ta soma nishi, daga nan ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Man nan ya taɓa kusan tashina daga garin nan. Wata shekara wani mai yawo da jaka ya kawo mini shi a babban gwangwani, da araha. Na manta cewa araha ba ta ado, na karɓa. Duk laftof ɗin da aka kawo mini a sanyin shekarar da shi na yi mata aiki, kuma kowa ya tafi yana sa albarka. Da bazara ta shigo sai suka soma dawowa ɗaya bayan ɗaya. In na buɗe sai in tarar man ya zama gari fari fat, kamar alli. Ta wata ɗaliba ma ƙonewa ta yi ƙurmus, saura mako guda ta miƙa aikinta na kammala makaranta. Allah ya taimake ni ma'ajiyar bayanan ba ta taɓu ba, na ciro mata aikinta, na ba ta tawa laftof ɗin ta ƙarasa da ita. Amma magana ta riga ta fita. Aka koma kirana Haladu mai alli. Sai in buɗe shago tun safe har la'asar ba wanda ya yi mini sallama sai mai kunun zaƙi.

Abin da na yi, na sayo man kirki a Zariya, na ɗaure jakata a bayan babur, na bi duk wanda na tuna na yi wa aiki da wancan gwangwani. Na je Kudan, na je Ikara, na shiga ƙauyukan Janfalan. Wasu sun ba ni na sake, wasu sun ba ni suna harara. Wani malamin makaranta a Janfalan ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo mini ruwa, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam Haladu, na yaba da zuwanka. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi." Bai ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Damina biyu na yi, noman rake ke ciyar da gidana kafin suna ya dawo. Tun daga nan, duk man da na sayo sai ya yi wata guda a cikin tawa laftof ɗin kafin ya shiga ta wani.

Amma aikin da nake so in ba ku labarinsa, wata Asabar ce a bazara, shekara biyu da 'yan kwanaki ke nan. Wata mata ta yi sallama da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Rakiya, 'yar Dandamisa ce, tana aikin jinya a Ikara. Ta ciro wata baƙar laftof mai kauri da nauyi, mai ramukan iska ta baya da ta gefe, irin ta masu wasan gem. Irin waɗannan ƙwaƙwalwa biyu gare su, ɗaya ta lissafi ɗaya ta hoto, kuma zafinsu ya ninka na sauran.

Na ce, "Ta ɗanki ce, ko ta ƙaninki?"

Ta yi dariya ta ce, "Ta babana ce, Malam. Shekararsa saba'in da biyu."

Na ajiye abin da ke hannuna na ce ta zauna. Ta ce mahaifinta Alhaji Garba direban tirela ne, shekara arba'in yana ɗaukar hatsi da shanu daga Arewa zuwa Kudu. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi ta hagu. Ya samu sauƙi har yana iya takawa in an riƙe shi, amma ya ƙi. Motsa jikin da aka ce ya riƙa yi ya ce ba zai yi ba. In abokansa sun zo gaisuwa sai ya juya fuska bango. Ana nan ta ga mijin wata abokiyar aikinta yana wani wasa na tuƙin tirela a kwamfuta, da sitiyari na gaske da abin taka birki da totur. Ta nemo masa laftof ɗin nan ta hannu, da sitiyarin, ta kai masa.

Ta ce, "Ranar farko cewa ya yi in kwashe wasan yara daga ɗakinsa. Na bar shi a nan na tafi aiki. Bayan mako guda Inna ta kira ni ta ce wai Baba yana faɗa a kawo masa shayi da wuri, yana da lodi. Sitiyari kuma ba ya juyuwa da hannu ɗaya a kwana, to dole hagun ta soma taimakawa. Abin da muka yi wata biyar muna roƙonsa, ya yi shi da kansa."

Matsalar ita ce laftof ta soma ɗaukewa. Ya yi minti ashirin yana tuƙi sai ta mutu. An kai wa wani mai gyara a wani gari, ta dawo ta fi da lalacewa. Mako uku ke nan ya sake juya fuska bango.

Na ce ta bar mini ita ta dawo jibi. Ta kira shi a waya don ta sanar da shi, ta sa a sifika. Na ji wata murya mai kauri, harshen ya ɗan yi nauyi, ta ce, "A'a. Ba a barin mota a gareji direba yana gida. Wancan ma da ina tsaye da bai yi mini aika-aika ba. Dawo da ita, ni zan kawo ta da kaina."

Rakiya ta kashe wayar ta tsaya tana kallonta. Ta ce, "Malam, wata takwas ke nan Baba bai wuce zaure ba."

Ranar Litinin da hantsi motar wani maƙwabcinsu ta tsaya a nan ƙofa. Rakiya ta riƙe shi ta hagu, mai motar ta dama, suka shigo da shi a hankali. Dogo ne, fari, da farin gemu, ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ba shi kujerata mai jingina, na durƙusa muka gaisa. Na tambayi jiki, na tambayi iyali da mutanen Dandamisa, shi kuma ya tambayi aiki da kasuwa da zafin da ake fama da shi. Da muka gama ya dubi teburina sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne bakaniken?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Me take yi?"

Ya ce, "In na tashi daga tasha lafiya lau take. In na ɗauki hawa da kaya, sai fanka ta soma ihu. Can sai ta soma jan ƙafa, in taka totur ba ta amsawa, hanya na tsalle-tsalle a gabana. Daga nan sai ɗif. In na taɓa ta nan sama ba ta taɓuwa. In na bar ta ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Wannan tafasa ce, Bakanike. Ko lagireto ya toshe, ko ruwa ba ya zagayawa."

Na ce, "Alhaji, tun da na buɗe shagon nan ba a taɓa kawo mini aiki da bayani irin wannan ba. Mutane cewa suke yi kawai ta lalace."

Ya waiga ya ce, "Kina ji ko, Rakiya?"

Na tambaye shi inda yake ɗora ta in zai yi tuƙi. Ya ce sitiyarin a kan ɗan tebur, ita kuma a kan gado a gefensa, an ninka mata bargo don kada ta goge. Na juya laftof ɗin na nuna masa ramukan ƙasa, inda take shaƙar iska. Na ce, "Alhaji, ka taɓa rufe gaban tirela da bargo ka hau tudu?"

Ya dubi ramukan da kyau. Can ya ce, "To wannan laifin direba ne. Ci gaba."

Na fara kunna ta na bar ta minti biyar ta yi ɗumi, don busasshen mai kama ƙarfe yake yi kamar siminti, in ka fizge shi da sanyi kana iya tahowa da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Na kashe, na kwance notin baya, na bi gefe-gefe da katina har murfin ya saki. Kafin in taɓa komai na zare igiyar batir, na danne makunni na ɗan lokaci don sauran wutar da ke ciki ta fita. Fanka biyu ne, kuma a bakin kowace gashin bargo ya taru ya dunƙule kamar an saƙa. Na ciro shi da hantsaki na ɗora wa Alhaji a tafin hannu. Ya jujjuya shi ya miƙa wa 'yarsa, ya ce ta kai wa uwarta ta ga abin da bargonta ya yi. Na riƙe fiffiken fanka da yatsa sannan na hura, don in ka bar ta tana juyawa da ƙarfin iska lalacewa take yi.

Faifan jan ƙarfen noti takwas ke riƙe da shi, kowane da lamba a gefensa. Ana sassauta su ne kaɗan-kaɗan, wannan rabin juyi, na ƙetarensa rabin juyi, don kada nauyi ya taru a gefe ɗaya ya fasa madubin. Bakwai suka amsa. Na takwas, wanda ke dab da ƙwaƙwalwar hoto, sukundireba ta shiga ta yi ta juyawa a banza. Na sa gilashi na duba. Wancan mai gyaran ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya da sukundirebar da ba tasa ba, kan notin ya cinye, ramin ya zama kamar ƙoƙo.

Na ja da baya na faɗa musu gaskiya. Na ce in na matsa sukundireba ta zame, a kan fanel za ta sauka, kuma layukan da ke wurin sun fi gashi sirantaka, guda ya yanke an gama. Fanel ɗin irin wannan laftof ba a samunsa a Zariya, ban ma tabbata Kano akwai ba. In kuma na huda notin, garin ƙarfe zai watsu a ciki. In na bar shi na rufe, fankar da na share za ta ɗan taimaka, amma tafasar za ta dawo.

Rakiya ta ce, "Baba, ko a rufe a haka ɗin? Ya fi a rasa ta ɗungurungum."

Alhaji ya gyara zama. Ya ce, "Matso da ita in gani." Ya sa tabarau, ya sunkuya har gemunsa na taɓa tebur. Ya ce, "Irin wannan mun sha gamuwa da shi a daji, inda ba gareji ba kowa. Kana da tsohon tib na tayar babur? A yanko 'yar roba a shimfiɗa a kan notin, ita za ta cike ramin ta kama bakin sukundireba."

Na ce roban tib ta yi wa wannan kauri, notin bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai Rakiya ta buɗe jakarta ta ciro safar hannu ta asibiti, ta ce, "Wannan fa?" Na yanki ɗan yatsa guda na ninka biyu na ɗora. Saura wanda zai danne laftof ɗin kada ta motsa ko kaɗan. Rakiya ta miƙo hannu, uban ya ce, "Bari. Motata ce."

Ya ɗora dama a gefe guda. Hagun ta ɗauki lokaci kafin ta taso daga cinyarsa. Ba wanda ya taimaka masa. Ta sauka a ɗaya gefen tana rawa, sannan ya danna, rawar ta tsaya.

Ya ce, "Danna kafin ka juya. Dannawa uku, juyawa ɗaya. Kada ka yi sauri, ba inda za mu."

Na yi bisimilla, na sa nauyin kafaɗata a kan sukundireba, na juya kamar ba na so. Ba abin da ya faru. Na gyara robar na sake. A karo na biyu na ji ɗan ƙas a cikin yatsuna, notin ya saki. Na ciro shi na ajiye a gaban Alhaji. Ya ce a ba shi ya tafi da shi, yana da wanda zai nuna wa.

Na ɗan murɗa faifan hagu da dama har ya rabu, na ɗaga shi a miƙe. Abin da na tarar a ƙasa shi ya bayyana komai. Tsohon man ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki a rani, wancan mai gyaran kuma bai goge shi ba, sabo ya lafta a kai har ya malala gefe. Na jiƙa ƙyalle da sifirit na bi a hankali, ƙwaƙwalwa biyun da kuma fuskar jan ƙarfen, har sai da na ga fitilar shago a cikinsu. A kewaye akwai wasu 'yan faci masu laushi kamar cingam da ke kan ƙananan sassa, su ma zafi suke kwashewa. Waɗannan ban taɓa su ba, na dai tabbatar kowane na wurinsa. Sannan na ɗiga sabon mai, kamar ƙwayar dawa a kan ta lissafi, kamar ƙwayar wake a kan ta hoto, na baza shi siriri ya rufe ko'ina.

Alhaji ya ce, "Shi ke nan? Ƙara mana, kada ka yi mata rowa."

Na ce, "Alhaji, in aka cika wa inji mai ya wuce ma'auni, me ke faruwa?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Hayaƙi. To na yi shiru."

Na kifa faifan sau ɗaya, ban ɗaga ba, don in ka ɗaga iska ta shiga sai ka sake daga farko. Na samo noti mai kyau a gwangwanina na maye gurbin wancan, na bi lamba ina ɗaurewa, wannan da na ƙetarensa. Alhaji ya ce, "Kamar ɗaurin taya." Na mayar da igiyoyin fanka na duba su sau biyu, don ba a ƙirga masu gyaran da suka yi komai daidai suka manta wannan. Na mayar da batir na rufe. Na danna makunni, ta kawo.

Na ce to sai su je su gwada a gida. Alhaji ya ce, "Wane gida? A garejin da na sani, in an gama aiki bakanike shiga mota yake yi a gwada da shi a ciki." Ashe sun taho da sitiyarin a buhu a bayan mota. Muka ɗaure shi a bakin teburin nan, muka ajiye abin takawa a ƙasa, na ɗora laftof a kan katako biyu don iska ta samu hanya. Na jawo kujera gefensa, na buɗe abin da ke nuna zafi a wani lungu na allon.

Ya ɗauki lodin katako, ya duba madubin dama da na hagu, ya sa sigina, ya fita daga tasha. Titunan na ƙasar Turawa ne, kuma tun da aka tashi yake ƙorafi. Wai hanya ba rami ko ɗaya, ba shinge, ba akuyar da za ta tsallaka, wannan ai kowa ma direba ne. Ƙarar inji ta jawo tela maƙwabcina, shi kuma ya jawo mai shayi. Kafin a jima labari ya kai tasha, wasu direbobi biyu da suka san shi tun yana kan hanya suka zo suka tsaya a bayansa. Ya amsa gaisuwarsu bai ɗauke ido daga titi ba.

Da aka yi kamar minti ashirin sai hanya ta soma hawa, dutse ta dama rami ta hagu. Ya ce, "Ga wurin nan. Sau tara tana mutu mini a nan." Ya sauke giya ya taka. Fanka ta ɗaga murya, ni kuma idona na kan lamba. Kafin gyara, da na kunna ta, ta haura casa'in da biyar ba a ma ɗau hawa ba. Yanzu ta tashi daga saba'in da huɗu, ta kai saba'in da takwas, ta kai tamanin da ɗaya.

Ya ce, "Bakanike, yaya allurar zafi?"

Na ce, "Ta tsaya, Alhaji. Taka."

Ya taka. Lanƙwasa biyu masu tsanani ya sha a kan tudun, hannu biyu a kan sitiyari. Da tirelar ta leƙa ƙoli ta soma gangara, lambar ta dawo saba'in da biyar. Sai ya danna ham mai tsawo sau biyu, direbobin nan suka fashe da dariya suna tafawa.

Ana cikin haka aka kira azahar. Na nuna masa inda zai danna wasan ya tsaya cak. Ya ce shi bai taɓa barin mota a tsakar titi ba, ba kuwa zai fara yau ba. Sai da ya nemi wurin fakin, ya sa sigina, ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Direbobin biyu suka riƙe shi zuwa masallacin bakin kasuwa, aka ba shi kujera a ƙarshen sahu. Bayan salla mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, har na ɗauka ya manta da lodin. Shi ya ce a mayar da shi, kayan mutane na kan hanya.

Awa biyu da rabi tafiyar ta ɗauka gaba ɗaya, laftof ko tari ba ta yi ba. A ƙarshe ya shiga da tirelar da baya cikin wani matsattsen wuri tsakanin motoci biyu, karo ɗaya, bai gyara ba. Ɗaya daga cikin direbobin ya ce, "Alhaji, hannu na nan." Ya ce, "Ina zai je?"

Da suka tashi tafiya na ba Rakiya katakon nan biyu, na ce bargo ya koma aikinsa na rufa. Alhaji yana bakin ƙofa a riƙe, ya juyo ya ce, "Bakanike, juyen mai na gaba yaushe ne?"

Na ce, "In ana share fanka, man nan zai kai shekara biyu."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da shekara biyu ke nufi ga mai shekarunsa da irin ciwonsa. Shi kuwa ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce, "Bazarar baɗin baɗaɗa ke nan. Allah ya kai mu. Ka ajiye mini wuri."

Ranar Litinin ɗin da ta wuce ina goge wata waya na ji sallama da murya mai kauri. Shi kaɗai ne, daga motar haya ya sauka, sanda a dama, jakar laftof a hagu. Ya ajiye ta a kan tebur da kansa, ya jawo kujerata ya zauna ba a ce masa ba. Muka gaisa har muka gama, sannan ya ce, "Lokacin juye ya yi. Amma ka ɗan hanzarta, Bakanike, ina da lodi da la'asar."